Layin da Magatakarda Ya Tsallake

3 ga Maris

Zuwa ga ɗiyata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya aikin asibiti? Mu nan lafiya lau, sai gwiwa da take damuna in na daɗe a kan keken ɗinki.

Kada rubutun nan ya ba ki tsoro. Ba kaza ce ta bi ta kan takardar ba, goggonki ce, ƙanwar mahaifinki. Da hannuna na rubuta. Kwana huɗu ina fama, na ɓata takarda shida.

Wata goma sha ɗaya ke nan ina zuwa cibiyar koyar da manya ta unguwarmu, Litinin da Laraba da Alhamis bayan la'asar. Mu goma sha bakwai ne a aji. Akwai mai gadi, akwai mai wanki, akwai wani direba da ya shekara talatin yana tuƙa babbar mota bai san abin da aka rubuta a bayanta ba. Malamarmu na haife ta, amma in ta harare ni ta saman tabarau sai in nutsu. Dokarta ɗaya ce: daga ranar da ka shigo ajinta, ba wanda zai sake karanta maka takarda.

Asabar ta biyu a watan Mayu za a yi taron yaye mu a babban ɗakin cibiyar. Yadda suke yi, kowa zai karanta wata tsohuwar wasiƙa ta gidansu a gaban jama'a. Wanda ya saba karanta maka zai zauna kusa da kai. In ka cije a kan wata kalma, shi zai faɗa maka ita, karo na ƙarshe, sai ka gode masa a tafa.

Nawa mai karatun kin san shi, mijina Magatakarda. Shekara talatin da huɗu yana karanta mini, yana rubuta mini. Ya bar ofis amma ofis bai bar shi ba. Duk wasiƙar da ta shigo gidan nan sai ya rubuta ranar da ta zo da jan biro, ya maƙala mata kwafin amsar da aka mayar, ya jera a koren fayil. Na ɗauki fayil ɗin gaba ɗaya na kai wa Malama, yana kulle a kabad ɗinta.

Malama ta zaɓar mini wasiƙarki ta shekarar da Yaya ya rasu, don rubutunki a lokacin manya-manya ne. Layi uku na gaisuwa na kai yanzu. Sauran na san shi, tun da an karanta mini a lokacin, labarin ruwan sama ne da jarrabawarki. Magatakarda ya dame ni wai in canja wata, tawadar ta dishe. Na ce masa kishi yake don na ƙwace masa aiki.

Abin da ya faru a shekarar nan ya wuce, ɗiyata, ban riƙe ki a zuciya ba. Ki ba ni amsa da manyan baƙaƙe.

Goggonki

*

17 ga Maris

Goggo,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna makaranta. Gwiwar ki riƙa ɗora ta a kan matashi in kin tashi daga ɗinki, ki rage tsayuwa.

Na yi murna da kika iya rubutu. Allah ya ƙara basira. Amma na karanta takardarki sau uku a ɗakin hutawar ma'aikata, sau uku ina ajiye ta.

Ba ki riƙe ni a zuciya ba? Ni? Goggo, da wane bakin?

Shekara goma sha tara na yi shiru. Ina rubuto miki gaisuwa sau biyu a shekara saboda Baba ya ce kada in yanke zumunci, ba don raina yana so ba. Yanzu da kika taɓo maganar, ki yi haƙuri, sai na faɗa.

Waccan wasiƙar a bakin gadon Baba na rubuta ta, a kan cinyata, ina da shekara ashirin da ɗaya. Rubutun ya yi manya ne don hawaye ba su bar ni na ga layi ba. Ita ce kike so ki miƙe a gaban mai gadi da mai wanki ki karanta, a tafa miki? Labarin ruwan sama da jarrabawa kawai kika riƙe daga cikinta? To ni na riƙe sauran. Na kuma riƙe amsar da kika aiko, tana nan cikin akwatina, ko yau aka tashe ni zan kawo ta da ka.

Mijinki ya fi ki gaskiya a nan. Ki canja wata. Akwai wasiƙuna da yawa a fayil ɗinku da babu komai cikinsu sai ina wuni ina gajiya, ki ɗauki ɗaya. Waccan ba ta taro ba ce. Idan har akwai sauran darajar ɗan'uwanki a idonki, ki bar ta inda take.

Na rubuta da manyan baƙaƙe kamar yadda kika ce, don kada ki ce ba ki gane ba.

Ɗiyarki

*

2 ga Afrilu

Ɗiyata,

Ina gaishe ki. Jikina lafiya, amma kwana shida ke nan ban taɓa keke ba, masu kaya suna ta sallama ina cewa su dawo.

Takardarki ta zo ranar Talata. Magatakarda ne ya karɓa a ƙofa. Ya miƙa hannu zai yage ambulan kamar kullum, na ce a'a, dokar Malama. Ya ba ni, ya tsaya a kaina yana gyara hula. Na shige ɗaki.

Kwana biyu na yi ina bin ta da yatsa. Da farko raina ya ɓaci, na ce yarinyar nan ta samu wuri. Ita da ta bar yayana ya yi wata biyu a kwance ba ta sanar da ni ba, sai labarin rasuwa na ji, ita ce yau take zare mini ido? Wannan shi ne abin da nake nufi da na ce ban riƙe ki ba. Shekara goma sha tara ina cewa a raina kun raina ni, kun binne mini ɗan'uwa ba ku ga ya kamata a kira ni ba.

Amma kalmar nan "sauran" ta hana ni sakat. Wane sauran?

Ranar Alhamis na riga kowa zuwa cibiya. Mai shara ma bai gama jera kujeru ba. Na roƙi Malama ta buɗe kabad, na koma kujerar baya kusa da taga. Na wuce gaisuwa. Na wuce ruwan sama. Na wuce jarrabawa. Nan ne Magatakarda ya taɓa cewa "shi ke nan, sai gaisuwar ƙarshe." Amma takardar ba ta ƙare ba, ɗiyata. Akwai layi biyar a ƙasa.

Na karanta su. Ba zan iya faɗa miki tsawon lokacin da na ɗauka ba. Direba ya shigo ya gaishe ni ban ji ba. Malama ta zo ta dafa ni ta ce ko wata kalma ce ta yi mini wuya. Na ce e, da ma ban iya ta ba.

Wallahi, tallahi, ban taɓa jin layukan nan ba sai ranar. Ban san Yaya yana kiran sunana ba. Ban san kin ce in zo ko da kwana ɗaya ne ba. A lokacin ina kwance, sati uku da yi mini aiki a ciki, amma da na ji, da ko a kan katifa ne sai an ɗauke ni an kai ni.

Akwai kwafin amsa a maƙale a bayanta. Shi Magatakarda rubutunsa ƙanana ne, a harɗe, ban iya shi ba tukuna. Ina jin kunyar nuna wa Malama. Ki rubuto mini abin da ke cikin wadda kika samu, kalma da kalma.

Ban ce masa komai ba. Ina zuba masa abinci, yana cewa an gode, muna kallon bango. Ya san na karanta. Na san ya sani.

Goggonki

*

15 ga Afrilu

Goggo,

Ina gaishe ki, ina fatan kin koma kan aikinki. Mu lafiya, ƙaramin ne ya yi mura ya warke.

Gaskiya zan faɗa miki, da na fara karanta takardarki ban yarda ba. Na ce tsufa ya zo, Goggo tana neman wanda za ta jingina wa laifi. Na je aiki da wannan a raina, har na yi wa wata majinyaciya tsawa ba gaira ba dalili. Sai da na dawo na buɗe akwati na ɗauko amsar, na karanta ta da idon yau. Ga ta:

"Goggonki ta ji saƙonki. Ta ce a halin yanzu ba za ta samu damar zuwa ba saboda wasu uzurori. Tana yi wa majinyaci fatan samun sauƙi cikin gaggawa."

Goggo, yaushe kika taɓa cewa "wasu uzurori"? Yaushe kika kira yayanki "majinyaci"? Ke da ko gaisuwa za ki aiko sai kin haɗa da tsiya. Wannan bakin ofis ne. Shekara goma sha tara takardar nan tana hannuna ban lura ba, saboda na riga na yanke miki hukunci. Ko aikin da aka yi miki ba a ambata ba, sai yanzu nake ji.

Ban karanta wa Baba ita ba. Na ce masa kina hanya. Kwana tara yana tambaya ko motar ta iso, ina cewa gobe. Ya sa na ajiye miki kujera a gefen gado, ya hana kowa zama a kai. Rana ta goma bai tambaya ba.

A wancan karon na ce kada ki karanta wasiƙata a taro. Na janye. Ki karanta. Ki karanta har ƙasa, da ƙarfi, yana zaune kusa da ke kamar yadda dokar cibiyarku ta ce. In kin gama ki juya bayan takardar ki nuna wa jama'a amsarsa. Mutumin da ake gaisarwa da girma a unguwa, wai amintaccen ofis, bari su ji irin amanar da ya riƙe. Ya raba ki da yayanki, ya raba ni da ke, ya kuma zauna yana kallo muna zargin juna yana buga jan biro.

Ki rubuto mini da wuri.

Ɗiyarki

*

6 ga Mayu

Goggo,

Ina gaishe ki. Lafiya kuwa? Sati uku ba amsa. Kullum na dawo aiki sai na tambayi yara ko an kawo takarda.

Hankalina bai kwanta ba. Ban sani ba ko takardata ta shiga hannunki ko ta shiga hannunsa. In shi ya karɓa, to ya ga duk abin da na ce, kuma ke ce a gidan tare da shi, ba ni ba. In ke kika karɓa, ina tsoron na cusa miki abin da ya fi ƙarfinki. Hawan jininki fa? Kina shan maganin?

Na rubuta waccan cikin fushi. Fushin bai tafi ba, kada ki ɗauka na huce. Amma jiya an kawo mana wani dattijo, matarsa tana biye da shi da ledar magunguna, tana yi masa faɗa tana gyara masa matashi. Sai na tuna ni bayan taron nan zan ci gaba da zamana a nan nesa. Ke kuwa gida ɗaya za ku koma, unguwa ɗaya, masu kawo ɗinki su shigo suna kallonki da gefen ido. Na ba ki shawara mai sauƙi a bakina, mai nauyi a kanki.

Ban san me zan ce ki yi ba. Na ce kada ki karanta, na ce ki karanta, yanzu kuma ga ni. Wasiƙar ni na rubuta, amma ke aka aiko wa. Taki ce.

Na lissafa, da wuya wannan ta riske ki kafin Asabar. Ko layi ɗaya ne ki aiko in san kina lafiya.

Ɗiyarki

*

20 ga Mayu

Ɗiyata,

Ina gaishe ki da yara. Lafiyata ƙalau, ina shan magani, mai allura, ki daina yi mini faɗa daga nesa.

Takardunki biyu duk ni na karɓa. Ta biyun ta zo ranar Litinin, taro ya riga ya wuce. Ta farkon kuwa na yi shiru ne don ina koyon rubutun Magatakarda. Sati uku na yi a kujerar baya ina bin kwafin amsoshinsa ɗaya bayan ɗaya. Na samu wadda na sa shi ya rubuta miki bayan rasuwa, inda na ce ya tambaye ki me ya sa ba ki sanar da ni ba. Babu tambayar a ciki. Ta'aziyya ce kawai, tsaf-tsaf.

Ana saura kwana biyu a yi taro, Magatakarda ya same ni ina guga, ya tsaya a bakin ƙofa. Ya ce likita ne ya gaya masa in na hau mota a satin nan ɗinkin cikina zai buɗe, kuma ya san halina, in na ji ba mai riƙe ni. Ya ce ya yi niyyar faɗa mini in na warware, sai rasuwa ta riga shi. Na ce to bayan rasuwar fa? Ya gyara hula. Na ce shekara goma sha tara fa, ina zagin yarinya a gabanka? Ya ce kullum in ya buɗe baki sai ya ga gobe ta fi. Na ce me ya hana ka yage takardar? Ya dube ni kamar na ce ya yi sata, ya ce ai ba a yaga takardar da ta shigo.

Ya tambaye ni ko zan canja wasiƙa. Na ce ban sani ba. Ya ce ko ya zauna a gida ranar. Na ce wannan kuma kai ka sani.

Ranar Asabar ɗakin ya cika har da masu tsayuwa a bakin taga. An jera kayan ajin saƙa da na gyaran lantarki a kan tebura, fanka tana ta ƙara. Direba ya karanta tasa, ya cije sau huɗu, matarsa tana faɗa masa kalma tana dariya, jama'a suna tafi. Ni ce ta tara. Da Malama ta kira ni na waiga, sai ga Magatakarda ya taso daga baya da farar rigarsa, ya zo ya zauna a kujerar mai karatu. Hannunsa yana kan gwiwa, bai dube ni ba.

Har na miƙe ban yanke shawara ba. Na karanta gaisuwa. Na karanta ruwan sama, na karanta jarrabawa, muryata tana fita sosai. Na iso inda ya saba cewa shi ke nan. Yatsana yana kan layin. Na san kowace kalma, amma bakina ya ƙi buɗewa. Na ga in na ninke takardar a nan za a tafa, ba wanda zai sani, mu koma gida yadda muke. Na ga in na ci gaba kuma da bakina zan tsiraita shi. Na tsaya kawai.

Malama ta ɗauka kalma ce ta kakare mini, ta dubi Magatakarda ta ce, "Baba, a taimaka mata."

Bai karɓi takardar ba. Ko kallonta bai yi ba. Yana duban ƙasa ya ce, "Goggo, jikin Baba ya yi tsanani. Likita ya ce a kira 'yan'uwa. Safe da yamma sunanki yake kira. Don Allah ki zo, ko da kwana ɗaya ne. Kada ki ce sai wani satin."

Layi biyar, bai kuskure ko kalma ɗaya ba. Sannan ya ɗaga kai ya ce, "Wannan ne ban karanta mata ba a lokacin da ya kamata."

Wasu sun fara tafi, suna mamakin dattijo ya haddace wasiƙar matarsa. Waɗanda ke gaba da suka ji maganarsa ta ƙarshe ba su tafa ba. Doka ta ce in gode masa. Ban gode ba, ban kuma juya bayan takardar na nuna ba. Na karanta "ɗiyarki" a ƙasa, na zauna.

Kada ki tambaye ni ko na yafe. Ban sani ba tukuna. Muna gida ɗaya, ina zuba masa abinci. Jiya ya ajiye mini jan bironsa a kan keken ɗinki ya fita.

Takardar shaidar da suka ba ni tana cikin fayil. Amma ba don ita na ɗauko biro yau ba. Kin aiko mini wasiƙa shekara goma sha tara da suka wuce, wani ya amsa da sunana. Ga tawa amsar, da hannuna.

Na ji saƙonki, ɗiyata. Ina zuwa. Zan taso Asabar da motar safe, ni kaɗai, na iya karanta allon tasha yanzu. Ki zo ki tarye ni, ki kai ni inda Yaya yake kwance, in gaya masa motar ta iso.

Goggonki